Hajiyarmu ko mayafi ya taɓa ta sai ta yi ƙara, wa ya taɓa ganin irin wannan?

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu, shekarunta sun haura sittin. Farkon damina wasu ƙuraje masu ruwa suka feso mata a gefen dama, daga tsakiyar baya suka zagayo ta haƙarƙari har gaba, kamar an ɗaura mata rabin ɗamara. Sati uku suka bushe, tabo kawai ya rage. Yau wata shida ke nan wurin bai bar ta ta runtsa ba. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, in ka danna wurin da ƙarfi tana iya daurewa, amma riga ta goga mata ko mayafi ya shafa, sai ta zabura kamar an ɗora mata garwashi. Yanzu da hunturu ya shigo ko iskar asuba ba ta so. A ɗaki take wuni, ƙofa rufe, zani ɗaure a ƙugu. Shekaranjiya jikarta ta rugo ta rungume ta, Hajiya ta saki ƙarar da sai da maƙwabta suka leƙo, yarinyar har yanzu tsoron ta take. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an sha tramol. Mi ya rage?

Malam na Tibiri:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. A ci gaba da addu'a, a kuma nemi magani, duka biyun umarni ne.

Alhaji Mai Taki:
Auta, kada ka ji haushina. Tsufa ne, tsufa kuwa da shagwaɓa yake zuwa. Ciwon da ya warke har ya yi tabo, ina kuma zafi zai fito? Ku rage lallaɓa ta ku gani.

Autan Hajiya:
Alhaji, da girmanka. Matar nan tara ta haifa, bakwai a gida, ungozoma ta sha faɗin ba ta taɓa jin ko nishinta ba. Ta taɓa ƙonewa da man ƙuli a hannu ta ɗaure da tsumma ta ƙarasa suya. In Hajiya ta ce da zafi, to da zafi.

Gwaggon Yara:
Ku kai ta a yi mata ƙaho a wurin, mugun jini ne ya taru.

Majo Ritaya:
A'a Gwaggo, kada a kai aska wurin nan. Auta, abin da ka kwatanta mu a likita zona muke ce masa. Ƙwayar ƙarambau ce. Wanda ya yi ƙarambau yana yaro, ƙwayar ba ta barin jikinsa, tana laɓewa a gindin jijiya kusa da laka, shekara arba'in, hamsin. Ran da ƙarfin jiki ya ja baya sai ta biyo jijiya guda ta fito fata, shi ya sa ƙurajen ke bin layi ɗaya, gefe ɗaya, ba sa tsallaka tsakiyar jiki. Fatar ta warke, jijiyar da aka bi ta ciki ce ba ta warke ba. Da a kwana ukun farko aka kawo ta an ba ta asikulobir, yana rage wahalar ƙurajen. Wannan ya wuce. Yanzu a auna mata suga, a duba jini, sannan a sake magani. Tramol ɗin wa ya rubuta mata, kuma guda nawa take sha?

Autan Hajiya:
Gaskiya Baba Majo ba wanda ya rubuta. Yayana ne ya sayo wajen mai tebur. Da farko rabi take sha ta samu barci. Yanzu biyu da safe, ɗaya da dare, kuma cewa take ciwon ya ƙaru, har bayanta da cinyoyi sun fara.

Majo Ritaya:
Juya bayan katin ka karanto mani lambar da ke jiki.

Autan Hajiya:
225 aka rubuta.

Majo Ritaya:
Inna lillahi. Wanda muke bayarwa a likita 50 ne, kuma ko ƙato mai jini a jika ba a wuce masa 400 a wuni. In lambar nan gaskiya ce tsohuwa tana shan 675. Allah ne ya tsare ba ta fara farfaɗiya ba. Amma kada ku yanke mata shi dare ɗaya, za ta sha wuya. Lokotoro ne zai sauko da ita da kaɗan-kaɗan.

Ɗalibar Lokotoro:
Ina wuninku iyayena. Ni karatu nake har yanzu, nan jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, saboda haka maganar Baba Majo ita ce gaba. Amma ina son in amsa wa Alhaji, don tambayarsa ita ce masana suka shekara suna yi. Abin nan yana da suna har biyu. In abu mai ɗan zafi ya zama mai zafi ƙwarai, hiperaljeziya ke nan. In kuma abin da ba ya da zafi ko kaɗan, irin shafar mayafi, ya koma zafi, shi ne alodiniya, kuma shi Hajiya ke fama da shi.

Kowa ya ɗanɗana ƙaraminsa. Shayi ya zubo maka a bayan hannu, gobe ka zo alwala da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sai ka ji kamar tafasasshe ne a wurin, alhali ɗaya hannun daɗinsa yake ji. Bakin jijiyoyin wurin ne suka zama masu saurin tashi. Wannan an daɗe da saninsa. Abin da ba a tabbatar ba sai 1983 shi ne cewa ita kanta laka tana canzawa. Wani masani haifaffen Afirka ta Kudu, Clifford Woolf, yana aiki a Landan, ya gwada a jikin ɓeraye. Ya ga bayan rauni a ƙafa ɗaya, jijiyoyin cikin laka sun koma amsawa da ƙarfi, har ɗaya ƙafar da ba a taɓa ba ta ƙara saurin janyewa.

Alhaji, ka san lasifikar masallacin unguwa ran da yaro ya murɗa ta har ƙarshe? Ladan bai ma fara ba, numfashinsa kawai, amma unguwa ta ɗauka. Ladan bai ɗaga murya ba, na'urar ce aka bari a sama. To saƙon da fatar Hajiya ke aikawa na shafar mayafi ne, kafin ya kai kwanya an murɗa shi.

Alhaji Mai Taki:
Ƴata, na ji misalinki, ya yi daɗi. Amma ɓeran Landan mi ya haɗa shi da tsohuwa a Maradi? Mu dai mun ga iyayenmu, ƙaya ta soke su su cire da reza su koma gona.

Ɗalibar Lokotoro:
An gwada a mutane ma Alhaji. Ana sa wa mai lafiya ɗigon sinadarin barkono a fatar hannu, bayan ɗan lokaci sai a shafa auduga a gefen wurin, inda sinadarin bai kai ba, ya ce zafi. In an kashe jijiyar wurin kafin a sa sinadarin, hakan ba ya faruwa. Su kuma iyayenmu da ka ce, dauriya daban, rashin jin zafi daban. Sun ji, ba su faɗa ba ne.

Ɗan Bagalam:
Ni kabu-kabu nake, bari in faɗi nawa ba kunya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara uku na yi ina shan tramol. Dalili bayana, daga tasha zuwa Ɗan Isa kullum a kan babur. Da farko in na sha sai in ji kamar an sake ni sabo. Daga baya wallahi har sirdin babur zafi yake mani. In na yi tuntuɓe kaɗan sai hawaye. Aski ma na daina zuwa, injin ya taɓa ƙeyata in ji kamar ana yanka ni. Ina ƙara ƙwaya yana ƙaruwa. Sai da na faɗi a bakin hanya da fasinja, na farka a gadon likita harshena a tattaune. Wata biyu na yi ina sauka, zawo, zufa, hamma, ƙafafu ba su tsayawa wuri ɗaya da dare. Yanzu bayan yana nan yana taɓa ni, amma ina zuwa aski lafiya lau.

Ɗalibar Lokotoro:
Yaya Ɗan Bagalam, abin da ka faɗa yana cikin littattafanmu. Dangin su morfin da tramol, in aka daɗe ana sha da yawa, suna iya murɗa lasifikar nan da kansu. Maganin ciwo ya koma mai ƙara ciwo. An fi ganinsa ƙarara a dabbobi da kuma mutanen da aka ba wani mai ƙarfi daga cikinsu lokacin tiyata, suka farka suna neman maganin ciwo fiye da sauran. Alamarsa ita ce ciwon ya bar inda ya fara ya bazu. Shi ya sa da Auta ya ce baya da cinyoyi sun fara, gabana ya faɗi.

Majo Ritaya:
Ƴata, a nan zan ɗan ja miki birki. Kada mutane su karanta su ce tramol guba ce. Na ba da shi da hannuna ga wanda mota ta karya, ga mai daji, sun yi barci sun yi mani addu'a. A ciwon jijiya ma yana cikin magungunan da ake komawa gare su in na farko ba su yi ba. Kuma abu uku ne ke kama da juna: jiki ya saba har ƙwayar ba ta isa, ko ƙwayar ta fita daga jini tsakanin sha da sha ciwo ya taso, ko kuma wanda kika faɗa. Daga salula ba mai iya rabe su. Sai an ga mutum.

Ɗalibar Lokotoro:
Haka ne Baba, na yi saurin yanke hukunci. Na karɓa.

Maman Biyu:
Na gode Baba Majo da ka faɗi wannan, don ni ta ɗaya gefen abin ya cije ni. Ɗana sikila ne, shekararsa sha huɗu. Wani dare cikin sanyin bara muka kai shi wani wuri, ba zan faɗi suna ba, yana murƙususu yana cizon hannun rigata. Ma'aikacin lafiyar da ke gadi a ranar ya dube shi ya ce, waɗannan yaran mun san su, ƙwaya suke nema. Ya ba shi parasetamol. Har asuba ina riƙe da ƙafafunsa. Yaron da ko goro bai taɓa ci ba. Kuma na lura yanzu ko ba ya cikin tashin ciwon, ruwan randa ya taɓa shi sai ya ce zafi, ƙannensa kuwa wanka suke da shi.

Ɗalibar Lokotoro:
Allah ya ba shi lafiya Mama. An auna wannan a masu sikila, an samu da yawansu sun fi sauran mutane saurin jin zafin sanyi da na zafi, ko ranar da suke lafiya. Ciwon da ke dawowa yana dawowa tun ƙuruciya shi ma yana barin sawunsa a jijiya. Shi ya sa barin yaro ya kwana yana ihu ba tarbiyya ba ce, kuma tashin sikila na cikin wuraren da magani mai ƙarfi ke da hurumi. In kun samu hali akwai cibiyar masu sikila ta ƙasa a Yamai.

Alhaji Mai Taki:
To yanzu kun rikita ni. A sha ko kada a sha?

Majo Ritaya:
Alhaji kai da ke sayar da taki, wanda ake zuba wa gero a damina shi ake zuba wa albasa a rani, awo ɗaya? Ciwo iri-iri ne. Na rauni da kumburi yana jin diklo da parasetamol. Na jijiya irin na Hajiya ba ya jin su sosai, banda cin ciki da ƙoda da diklo ke yi wa tsoho. Nasa daban ne. Akwai amitiriptilin, a farmasi an fi saninsa da Laroxyl, tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi, da ɗan kaɗan ake farawa da dare. Akwai gabapentin da piregabalin, su sun fi tsada. Ba su aiki ran da aka sha, sai an yi sati biyu, uku, wani lokaci fiye. Nan mutanenmu ke faɗuwa, kwana uku su ce bai yi ba su jefar. Auta ka ji da kyau, kada a haɗa mata Laroxyl da tramol ɗin nan da kanku, haɗuwarsu na iya kawo farfaɗiya. Kuma ga tsoho yana busar da baki, yana sa jiri, yana iya riƙe fitsari, mai ciwon zuciya sai an duba shi tukuna.

Gwaggon Yara:
Laroxyl? Ba shi ake ba masu taɓin hankali ba? Ni an taɓa rubuta mani, da na ji haka na ƙi sha. Shekara shida jikina ko'ina ciwo, kafaɗa, wuya, ƙugu, gwiwa. In na tashi da safe kamar an daka ni a turmi. An ɗauki hoto, an ɗebi jini har Katsina na je, kowa ya ce ba komai. Kishiyata cewa take ranar girkina ne kawai nake ciwo.

Ɗalibar Lokotoro:
Gwaggo, asalinsa maganin damuwa ne, gaskiya ne, amma awon da ake bayarwa don ciwo ya yi ƙasa da wancan nesa, kuma yana aiki ko ga wanda ba ya da damuwa. Akwai hanyoyin da ke saukowa daga kwanya zuwa laka suna rage ƙarar saƙon ciwo, su yake ƙarfafawa. Ba zan ce ga abin da ke damunki ba, amma labarinki ya yi kama da abin da ake kira fibromiyalji, kuma mata ya fi kamawa. Hoto da jini ba su nuna shi. A 1990 likitocin Amurka sun sa ƙa'idar danna wurare 18 a jiki, in 11 sun yi zafi a ce shi ne, a 2010 suka bar wannan suka koma duba yaɗuwar ciwon da gajiya da rashin barci. A 2017 ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta ware wa irin wannan ciwon rukuninsa, wanda ba rauni ake gani ba, ba kuma jijiya ce ta lalace ba, sarrafa saƙon ne ya canza. A 2021 kuma wasu masana na Ingila da Suwidin suka ɗebi sinadaran garkuwar jiki daga jinin masu wannan ciwo suka sa wa ɓeraye, ɓerayen suka koma saurin jin zafin matsa da na sanyi, na masu lafiya kuwa bai yi musu haka ba. Ɓera dai ba ya da ranar girki.

Gwaggon Yara:
Wallahi sai na karanta mata wannan da bakina.

Majo Ritaya:
Ki karanta mata, amma ki ji sauran. A irin naki ƙwaya ba ita ce babba ba. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila aiki ta fitar da jagora a 2021, ta ce ciwon da ya daɗe ba a ga sanadinsa ba kada a fara wa mutum dangin tramol, a sa shi motsa jiki, a koya masa zama da ciwon, in ya kama a ba shi irin su amitiriptilin. Tafiya kaɗan kullum, a riƙa ƙarawa sannu, ba ki kwanta kwana uku ba ranar huɗu ki wanke kayan gida duka. Barci kuma a gyara shi. Tun 1975 wani likita a Kanada ya riƙa katse wa masu lafiya barcinsu mai nauyi, cikin ƴan kwanaki suka fara kukan ciwon jiki.

Ɗan Bagalam:
Ɗaliba, kin ce sinadarin barkono. Na ji an ce Turawa na maganin ciwo da shi. In a daka tattasai da barkono a shafa wa Hajiya fa?

Autan Hajiya:
Kai Ɗan Bagalam, so kake ta tsine mani?

Ɗalibar Lokotoro:
Don Allah kada a gwada! Amma abin da ya ji gaskiya ne. A 1997 David Julius a Amurka ya gano ƙofar da ke bakin jijiya wadda yajin barkono ke buɗewa, sunanta TRPV1. Ita ce kuma zafin da ya kai wajen digiri 43 ke buɗewa, shi ya sa yaji da wuta suke kama a baki. Shi da Ardem Patapoutian, haifaffen Labanon, wanda ya gano ƙofofin jin taɓi, suka samu kyautar Nobel a 2021. Akwai filasta mai kashi 8 cikin ɗari na sinadarin, ana manna ta awa ɗaya a asibiti, ma'aikaci da safar hannu. Tana gajiyar da bakin jijiyoyin su yi shiru har wajen wata uku. Amma awo ne da kulawa. Akwai kuma filastar lidokayin, mai sa wuri ya mutu, ita ta fi sauƙi ga tsofaffi in an same ta.

Kuma kada in yi muku daɗin baki. Da aka tattara gwaje-gwajen ciwon jijiya a 2015, an ga sai an ba mutum bakwai zuwa takwas piregabalin kafin a samu ɗaya da maganin ne ya rage masa ciwo sosai. Na amitiriptilin wajen mutum huɗu ne. Shi ya sa ake gwada wannan, in bai yi ba a koma wancan.

Malam na Tibiri:
To su masu binciken, mi zai hana su nemo abin da zai kashe jin zafi baki ɗaya a huta?

Majo Ritaya:
Malam, ka je Danja ka ga masu kuturta. Ba ciwon ne ke cin yatsun kai tsaye ba, rashin jin zafi ne. Mace ta sauke tukunya da hannu ba ta sani ba, ƙusa ta kwana a takalmi. Masu suga ma haka muke yanke musu ƙafa.

Ɗalibar Lokotoro:
Akwai ma waɗanda aka haifa haka. A 2006 masana daga Kambirij ta Ingila suka ba da labarin wasu iyalai a arewacin Pakistan. Abin ya faro ne daga wani yaro mai wasa a kasuwa, yana taka garwashi yana soka wuƙa a hannu. Kafin su gan shi ya diro daga kan soro ya rasu, bai wuce sha huɗu ba. A iyalan nan aka gano ƙofa guda a jijiya, Nav1.7, ba ta aiki. Waɗanda tasu ke buɗewa fiye da kima kuma ƙafafunsu ke ja suna ƙuna, har su wuni da ƙafa cikin ruwan sanyi. Kamfanoni sun shekara suna neman maganin da zai toshe ta, gwaji bayan gwaji bai ba da abin da aka sa rai ba. Ƴar uwarta Nav1.8 ce aka dace da ita, a watan Janairun 2025 Amurka ta amince da wani magani, suzetirijin, ba dangin morfin ba ne. Sai dai don ciwo na ɗan lokaci aka amince da shi, irin na bayan tiyata, ba irin na Hajiya ba.

Alhaji Mai Taki:
Kafin ya iso Maradi an yi jabunsa a tebur. Auta, ka gaida Hajiya, ka ce Alhaji ya ce ta yafe masa maganar shagwaɓa. In kuɗin mota ne matsala ka biyo shago.

Autan Hajiya:
Salam, kwana goma sha biyu ban leƙo ba. Mun je. Sugarta ya ɗan hau, an ba ta ƙa'idar abinci. Lokotoro ya karɓe katin tramol ɗin ya ajiye a aljihun teburinsa, ya rubuta na 50 da yadda za a riƙa ragewa duk sati, ya fara mata gabapentin da dare, ya ce maganar Laroxyl sai ta sauka tukuna. Kwanakin farko mun ga tashin hankali, zufa da faɗa da kowa, har ni ta kora. Baya da cinyoyin ta ce sun lafa. Haƙarƙarin yana nan. Wata ma'aikaciya a wurin ta ce mu gwada riga mai laushi da ta kama jiki maimakon mai faɗi da ke kaɗawa tana gogarta, ƙanwata ta ɗinko mata, jiya ta fito tsakar gida da ita ta zauna a rana har la'asar. Jikar dai ba ta yarda ta matso ba, daga bakin turmi take leƙenta.

Majo Ritaya:
Madalla. Ku lura da jiri in za ta tashi fitsarin dare, a aje mata fitila kusa, kuma a faɗa wa lokotoron in ƙafa ta kumbura. Yarinyar kuma ku nuna mata gefen hagu, ta nan za ta riƙa zuwa.

Gwaggon Yara:
Baba Majo, takardar da aka rubuta mani tun bara tana nan cikin kwalla. Da ita zan je farmasi, ko sai na koma an sake dubawa?

Majo Ritaya:
Koma a sake dubawa Gwaggo. Ki tafi da duk ƙwayoyin da kike sha a leda ɗaya, har na mai tebur.